TARIHI: Yadda mallakar manyan otal-otal na Najeriya ta riƙa sauya hannu daga 1960 zuwa yau

A watan Janairun 2020, katafilolin gwamnatin Jihar Kaduna suka rusa Otal ɗin Durbar, ginin da Gwamnatin Tarayya ta yi domin baƙin bikin FESTAC na 1977. A farkon watan Yunin 2023, sabuwar gwamnatin Kano ta rusa gine-ginen da aka tayar a harabar Otal ɗin Daula. A tsakanin waɗannan rushe-rushe biyu, an sauke allon Sheraton daga ɗaya daga cikin manyan otal-otal na Abuja bayan an sayar da shi a 2022, aka ɗora sunan Abuja Continental.

Dukkan otal-otal ukun da dukiyar jama'a aka gina su. Haka ma akasarin manyan masaukan da suka yi suna a biranen Najeriya kafin 1990. A yau wasu na samar da biliyoyin naira ga masu hannun jari, wasu sun zama kufai, wasu kuma an share su daga doron ƙasa. Wannan maƙala ta bi sawun tarihinsu: wa ya gina, wa ya saya, nawa aka biya, kuma me ya sa wasu suka rayu wasu suka mutu.

Wane ne "mai otal"?

Sunan da ke saman ƙofar babban otal ba kasafai yake nuna mai shi ba. Mallakar irin wannan kadara hawa uku ce, kuma sau da yawa kowane hawa na hannun wani daban.

Hawa na farko shi ne fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna a matsayin amanar al'umma. Abin da kamfani ke riƙewa shi ne takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99. Ba a sayar da filin ko jinginar da shi ga banki sai da amincewar gwamna, kuma Sashe na 28 na dokar ya ba shi ikon soke takardar saboda maslahar jama'a ko saɓa sharuɗɗanta. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke aiki da wannan iko a madadin Shugaban Ƙasa.

Hawa na biyu shi ne kamfanin da ya mallaki ginin, wanda shi ke cin riba, shi ke ɗaukar bashi. Idan aka ce an sayar da otal, galibi hannun jarin wannan kamfani ne ya sauya hannu.

Hawa na uku shi ne suna. Kamfanoni irin su Hilton da Marriott da Accor ba su cika mallakar gine-ginen da ke ɗauke da sunayensu a Afirka ba. Suna ƙulla yarjejeniyar gudanarwa ne ko ta hayar suna, su kawo ƙa'idojin aiki da hanyar samun baƙi daga waje, su karɓi kasonsu daga kuɗin shiga. Shi ya sa lokacin da Marriott ya sayi kamfanin Starwood, mai sunan Sheraton, a 2016, ko bulo ɗaya na Sheraton ɗin Abuja bai koma hannun Marriott ba.

Daga gidan fatoma zuwa otal ɗin gwamnati

Saukar da baƙo domin kasuwanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fatoma a gari da maigida a zango sun kasance suna bai wa fatake wurin kwana, su adana musu kaya, su haɗa su da masu saye, har su tsaya musu a kan bashi. Otal irin na Turai kuwa ya zo ne tare da mulkin mallaka, ta hanyar gidajen saukar baƙi na gwamnati da na hukumar jirgin ƙasa, waɗanda aka tanada musamman domin Turawa.

Wannan wariya ta fito fili a 1947, lokacin da Otal ɗin Bristol na Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali shi jami'i ne na Ofishin Mulkin Mallaka da ya zo aiki daga Landan. Ƙurar da lamarin ya tayar ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards bayyana haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Saboda irin wannan tarihi, 'yan siyasar da suka karɓi mulki sun ɗauki babban otal a matsayin alamar 'yanci da isa, kamar filin jirgin sama ko jami'a.

A 1960 aka buɗe Federal Palace a tsibirin Victoria da ke Legas, wanda rukunin kamfanonin A.G. Leventis ya gina, ya kuma karɓi manyan baƙin bikin samun 'yancin kai. Gwamnatin Tarayya ta saye shi a 1964. A nan ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila kan rikicin Rodeshiya a watan Janairun 1966, kwanaki kaɗan kafin juyin mulkin da ya yi sanadin ajalinsa.

Gwamnatocin yankuna ma sun shiga gasar. Yankin Gabas a ƙarƙashin Michael Okpara ya gina Hotel Presidential a Inugu da Fatakwal. Yankin Yamma ya gina Premier a Ibadan, wanda a yau ke hannun kamfanin Odu'a, mallakar jihohin Kudu maso Yamma. A Arewa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gina Hamdala a Kaduna a farkon shekarun 1960 ta hannun hukumar raya yankin, wadda ta zama kamfanin NNDC.

Tushen kuɗin ya cancanci a lura da shi. Hukumomin raya yankuna sun dogara sosai ga rarar da hukumomin sayen amfanin gona ke tarawa, wato bambancin da ke tsakanin farashin da ake biyan manomi da wanda ake samu a kasuwar duniya. Ke nan guminsa manomin gyaɗa da auduga a Arewa, da na koko a Yamma, da na manja a Gabas, yana cikin tubalin waɗannan gine-gine, ko da yake kaɗan ne daga cikin manoman suka taɓa taka ƙofarsu.

Kuɗin fetur, FESTAC da sabon birnin tarayya

Zango na biyu ya zo da hauhawar farashin man fetur a shekarun 1970. Sabbin jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 da 1976 kowace ta so ta mallaki otal ɗin da za ta yi alfahari da shi. A Kano, gwamnatin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wadda ta yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta assasa Daula a kan titin Murtala Muhammad da otal ɗin bakin tafkin Bagauda. Sakkwato ta samu Giginya, Bauci ta samu Zaranda.

Bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, ya ƙara yawan gine-ginen. An faɗaɗa Federal Palace da sabon dogon bene. An buɗe Eko Hotel a Legas a shekarar. A Kaduna, inda aka shirya gagarumin hawan daba na bikin, aka gina Durbar.

Sai Abuja. Kafin a mayar da fadar gwamnati can a hukumance a ranar 12 ga Disambar 1991, birnin na buƙatar wuraren da za su ɗauki shugabannin ƙasashe da jakadu. Aka buɗe Nicon Noga Hilton a 1987, sannan Sheraton a 1990.

Matsalar da ta biyo baya iri ɗaya ce kusan a ko'ina. Otal kadara ce mai cin kuɗi kullum: injinan sanyaya ɗaki, janareta, famfo, katifu da kafet duk suna buƙatar sauyi bayan 'yan shekaru. Gwamnatoci sun iya kashe kuɗin gini, amma ba su ware na gyara ba. Ga shi kuma ma'aikatun gwamnati su ne manyan baƙi, su ne kuma masu jinkirin biyan kuɗi. Shugabannin gudanarwa na zuwa da tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su. Da farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, rufin asirin ya yaye.

Lokacin cefanarwa

Tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauka a 1986 ya buɗe ƙofar sayar da kamfanonin gwamnati. Doka ta 25 ta 1988 ta kafa kwamitin TCPC a ƙarƙashin Dakta Hamza Zayyad, kuma otal-otal na cikin kadarorin da aka fara fitarwa kasuwa. A 1992 aka sayar da Federal Palace da Durbar na Kaduna.

Zagaye na biyu ya fara da dokar cefanarwa ta 1999, wadda ta kafa Majalisar Cefanarwa ta Ƙasa a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa, a lokacin Atiku Abubakar, tare da hukumar BPE a matsayin mai zartarwa. Nasir El-Rufa'i ne ya shugabanci BPE daga 1999 zuwa 2003. A wannan zagaye aka sayar da kadarorin kamfanin Nigeria Hotels, mai Otal ɗin Ikoyi da Central na Kano, sannan Sheraton da Hilton na Abuja.

Hujjar masu goyon bayan shirin ita ce gwamnati ba ta da dalilin shimfiɗa gado da dafa abinci alhali makarantu da asibitoci na jira. Masu suka kuma sun yi ƙorafi kan farashin da aka sayar da kadarorin da kuma kusancin wasu masu saye da masu mulki. A 2011 Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sanata Ahmad Lawan, wanda ya saurari shaidu a bainar jama'a, ya kuma ba da shawarar a sake duba wasu daga cikin cinikayyar.

Hilton na Abuja: cinikin da ya yi riba, da tambayar da ya bari

Sunan farko na otal ɗin ya nuna waɗanda suka haɗu a kansa: kamfanin inshora na Gwamnatin Tarayya, NICON, da kamfanin Noga na Nessim Gaon, attajirin da aka haifa a Sudan ya zauna a Janiba ta Suwizalan. Hilton kuma ya karɓi gudanarwa. Daga baya dangantaka ta yi tsami tsakanin Noga da ɓangaren Najeriya, aka cire sunansa, otal ɗin ya zama Nicon Hilton.

A 2005, BPE ta sayar da kashi 51 cikin 100 a kan dala miliyan 105 ga gamayyar da kamfanin Transcorp ke jagoranta. Transcorp a lokacin jariri ne, domin a ƙarshen 2004 aka kafa shi da goyon bayan Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda ya so Najeriya ta samu katafaren kamfani irin na Koriya ta Kudu. Daga baya ta bayyana cewa shugaban yana da hannun jari miliyan 200 a kamfanin. Ɓangarensa ya ce an ajiye jarin ne a hannun amintattu ta yadda ba ya sa baki a kansa. Duk da haka, tambayar ta tsaya: shin ya dace gwamnati ta sayar da kadara ga kamfanin da shugabanta ke da rabo a ciki? Transcorp ya kuma sayi kamfanin sadarwa na NITEL a 2006, cinikin da gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke a 2009. Cinikin otal ɗin kuwa bai taɓu ba.

A 2011 kamfanin Heirs Holdings na Tony Elumelu ya karɓi ragamar Transcorp. A watan Janairun 2015 aka shigar da Transcorp Hotels cikin Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, abin da ya wajabta masa wallafa lissafin kuɗinsa. Daga wannan lissafi ne aka san cewa kuɗin shigarsa ya haura naira biliyan 70 a 2024. Gwamnatin Tarayya na riƙe da kusan kashi 11 cikin 100 ta hannun kamfanin jarin Ma'aikatar Kuɗi.

Otal ɗin mai ɗakuna kusan 670 ya karɓi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a watan Mayun 2014, kuma zaurukansa sun zama dandalin tarukan jam'iyyu da ƙulle-ƙullen siyasa. Babban ɓangare na cinikinsa na da nasaba da kasancewar Abuja mazaunin gwamnati. Wato gwamnati ta sayar da gidan, ta dawo a matsayin baƙuwa mai biyan kuɗi.

Iyalan Ibru: Federal Palace da Sheraton

Kamfanin Ikeja Hotel na iyalan Ibru, mai Sheraton ɗin Ikeja, shi ya sayi kamfanin da ke riƙe da Federal Palace a 1992. A zagayen cefanarwa na biyu, kamfanin Hans Gremlin, mai alaƙa da Ikeja Hotel, ya sayi kashi 51 cikin 100 na Capital Hotels, mai Sheraton ɗin Abuja. Ta haka manyan otal-otal uku suka taru a hannun gida ɗaya.

Domin farfaɗo da Federal Palace, aka shigo da kamfanin Sun International na Afirka ta Kudu, wanda ya sayi kusan rabin hannun jarin, ya gyara ginin, ya buɗe gidan caca. Bayan rasuwar Alex Ibru, mai jaridar The Guardian, a 2011, rikici ya ɓarke tsakanin magadansa da ɗan'uwansa Goodie Ibru kan iko da kamfanonin. Rikicin ya kai ga kotuna da hukumar EFCC, wadda ta tsare wasu ma'aikatan Sun International a farkon 2016. A watan Agustan shekarar kamfanin ya sanar da cewa zai fice daga Najeriya, amma sai a 2024 ya sayar da akasarin rabonsa. A watan Mayun 2017 kuma hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEC, ta rusa hukumar gudanarwar Ikeja Hotel ta naɗa ta riƙon ƙwarya.

Sheraton ɗin Abuja ya sha wahalar wannan zamani, domin ya tsufa ba tare da cikakken gyara ba, a daidai lokacin da sababbin otal-otal ke buɗewa a birnin. A 2022 kamfanin 22 Hospitality ya sayi rinjayen hannun jarin Capital Hotels, kuma da sunan Sheraton ya tafi sai aka raɗa masa Abuja Continental. Labarin ya nuna cewa fita daga hannun gwamnati kaɗai ba ya warkar da kamfani. Rigimar gado na iya durƙusar da shi kamar yadda sakacin ma'aikata ke yi.

Bashin banki da jarin ƙetare

Akwai wata hanyar da otal ke sauya hannu ba tare da BPE ba, ita ce bashi. Otal ɗin InterContinental na Legas, wanda kamfanin Milan ya gina da rancen bankin Skye, an buɗe shi a 2013. Bashin ya gagara biya, kamfanin IHG mai sunan ya janye a farkon 2018, kadarar ta faɗa hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 domin sayen munanan basussukan bankuna. Daga nan kamfanin 11 Plc, wanda a da ake kira Mobil Oil Nigeria, ya saye shi, duk da ƙarar da masu shi na farko suka shigar. A yau sunansa Lagos Continental. Tun da kuɗin jama'a ne ke tallafe da AMCON, ko otal ɗin da 'yan kasuwa suka gina na iya zama nauyi a wuyan talaka idan lissafi ya ɓaci.

Tsohon Otal ɗin Ikoyi ya bi wata hanya dabam. Bayan cefanarwa aka sake gina shi, ya buɗe da sunan Southern Sun a 2009. Kamfanin Tsogo Sun na Afirka ta Kudu ya sayi sama da kashi 75 cikin 100 a 2013, sannan ya sayar wa Kasada a 2022, asusun jarin da hukumar zuba jari ta Qatar da kamfanin Accor na Faransa ke mara wa baya. Yanzu sunan Mövenpick ne a ƙofarsa. Kadarar da ta fara a hannun Gwamnatin Tarayya ta ratsa Johannesburg ta isa Doha da Paris cikin shekara ashirin.

Durbar: shekara ashirin a kotu, kwanaki a bakin katafila

Babu otal ɗin da ya tattara dukkan matsalolin mallaka kamar Durbar na Kaduna. A 1992 kamfanin Kabo Holdings na Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo, mai kamfanin jiragen sama na Kabo, ya sayi kashi 90 cikin 100 a kan naira miliyan 90. Daga baya hannun jarin ya koma wani kamfani na iyalan Janar Sani Abacha.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Obasanjo, wadda ke farautar dukiyar da ake zargin an sace a zamanin Abacha, ta karɓe otal ɗin. Iyalan suka garzaya kotu, suna cewa da halalinsu suka saya. Shari'a ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu. A tsawon wannan lokaci ƙofofin na rufe, aka kwashe kayan ciki, ciyawa ta cinye harabar, ma'aikata suka watse. Shugaban da aka buɗe otal ɗin a zamanin mulkinsa na soja shi ne wanda aka garƙame shi a zamanin mulkinsa na farar hula.

A Janairun 2020 hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta rusa ginin. Gwamnatin El-Rufa'i ta kafa hujja da cewa kangon ya zama maɓoyar ɓata-gari, ta kuma soke takardar mallakar filin. Iyalan Abacha suka sake komawa kotu, suna cewa an yi rusau alhali shari'a na gudana. A 2023 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta soke matakin ƙwace filin.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, sakamakon ɗaya ne. Gwamnatin Tarayya ba ta dawo da kadarar ga jama'a ba, iyalan da ke iƙirarin mallaka ba su ci moriyarta ba, birnin Kaduna ya rasa ɗaruruwan ɗakuna da guraben aiki. Abin da ya rage shi ne fili a tsakiyar gari, kuma a kan filin ne ake ta fafatawa.

Daula, Bagauda da Hamdala

Daula bai shiga cefanarwar tarayya ba, domin mallakar Jihar Kano ne. Da ya durƙushe a matsayin otal, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta mayar da shi cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa harabar ga 'yan kasuwa bisa yarjejeniyar haɗin gwiwa domin a sake gina ta. 'Yan adawa suka kira matakin rabon dukiyar al'umma, kuma Abba Kabir Yusuf ya yi alƙawarin warware irin waɗannan yarjejeniyoyi tun yana neman ƙuri'a. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayun 2023, cikin kwanaki kaɗan aka rusa sababbin gine-ginen. Kamfanin Lamash Properties, wanda ya yi aikin, ya nemi diyyar naira biliyan 10 a kotu.

A irin wannan dambarwa, jama'a na iya yin asara sau uku a kan fili guda: kuɗin da aka gina otal ɗin da su tun farko, darajar filin idan an bayar da shi a ƙasa da ƙimarsa, da kuma diyyar da za a biya daga baitulmali idan kotu ta ce an yi rusau ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnan da ya bayar da wanda ya rusa babu mai biya daga aljihunsa.

Otal ɗin Bagauda ya samu makoma mafi sauƙi, domin an mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Ya daina karɓar baƙi, amma ginin na ci gaba da yi wa jama'a aiki.

Hamdala kuwa yana nan a ƙarƙashin NNDC, kamfanin da jihohin Arewa 19 suka mallaka tare. Ba a sayar da shi ba, ba a rusa shi ba, sai dai ya daɗe da rasa matsayinsa na masaukin farko ga manyan baƙin Kaduna. Kadarar da ke da iyaye goma sha tara na fuskantar haɗarin zama marainiya, domin kowane gwamna na da rabo a cikinta, amma babu wanda masu zaɓe za su tuhuma idan ta lalace.

Abin da ya raba masu rai da matattu

Idan aka jera waɗannan labarai, za a ga cewa rabuwar ba ta tsaya a kan gwamnati da 'yan kasuwa ba. Durbar ya mutu bayan an sayar da shi. Hamdala ya dusashe ba tare da an sayar ba. Hilton na Abuja da Ikoyi sun bunƙasa bayan cefanarwa, Sheraton ya yi tangal-tangal.

Waɗanda suka rayu suna da mallakar da gwamnati mai zuwa ba ta warware ba, da mai jarin da zai iya zuba sababbin kuɗi a gyara, da kasuwar baƙi masu biya. Legas da Abuja na da ofisoshin jakadanci, da kamfanonin mai, da taruka na ƙasa da ƙasa. Kaduna da Kano sun yi fama da mutuwar masaƙu da masana'antu, ga matsalar tsaro da ta rage baƙin waje. A inda cinikin ɗaki ya ja baya, filin da otal ke kai yakan fi otal ɗin daraja, musamman tsofaffin otal-otal na gwamnati da aka gina a manyan filaye a unguwannin da suka fi tsada. Daga nan hankalin mai saye da na mai mulki ke komawa kan shaguna da rukunin gidaje.

Ɗan ƙasa mai son bin diddigi yana da makamai a hannu. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke da kashi 5 cikin 100 ko fiye na kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe kundin ainihin masu kamfanoni a intanet. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar neman takardun ciniki daga hukuma irin BPE, tare da wa'adin kwana bakwai na amsawa. Kamfanonin da ke Kasuwar Hannayen Jari na wallafa sunayen manyan masu jarinsu kowace shekara. Sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ya tabbatar da cewa rajista da kula da otal-otal hurumin jihohi ne, don haka Majalisun Dokokin jihohi na da ikon yin tambaya.

Har yanzu jihohi da dama na riƙe da tsofaffin otal-otal, kuma kalmar da ta maye gurbin cefanarwa a yau ita ce haɗin gwiwa ko jingina na shekaru. Duk lokacin da aka sanar da irin wannan yarjejeniya, abubuwan da ya kamata a nema a rubuce su ne: wanda ya ƙiyasta darajar kadarar da adadin da ya faɗa, ko an yi gasar tayi a fili, ainihin mutanen da ke bayan kamfanin da ya yi nasara, tsawon wa'adin, ko an yarda a sauya amfanin filin, da asusun da kuɗin suka shiga. Yarjejeniyar da aka wallafa, majalisa ta amince da ita, tana da wuyar rusawa ga gwamna mai zuwa. Wadda aka ƙulla a ɓoye kuwa ranta na rataye ne da sakamakon zaɓe na gaba.